Darasi na 9: Shaye-shaye, Ciwon Damuwa da Haɗarin Kashe Kai

A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da wani fim a kan maganin tari mai kodin a Najeriya. 'Yar jaridar da ta jagoranci aikin, Ruona Meyer, ta bi sawun kwalaben tun daga hannun masu sayar da su ta bayan fage har zuwa bakin matasan da ke kwankwaɗarsu, aka kuma nuna samari a ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Washegarin fitowar fim ɗin, ranar 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi ƙasar.

A Janairun 2019 sai ga alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta fitar da sakamakon wani gagarumin bincike: mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu shan tiramol da kodin da danginsu ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce, kuma cikin kowane biyar, ɗaya ya kai matsayin da abin ya zame masa cuta, ba ya iya bari don kansa.

Tun daga lokacin ake ta magana a kan ƙwaya a rediyo da masallatai da majalisun unguwa, kuma yawancin maganar a kan daba ce da ƙwacen waya da lalacewar tarbiyya. Duk gaskiya ne. Amma akwai ɓangaren da ba a cika ɗagowa ba, shi ne kuwa wanda ke cin rai a ɓoye: mai shaye-shaye, musamman idan yana ɗauke da wata cuta ta ƙwaƙwalwa, yana cikin mutanen da suka fi kowa kusa da kashe kansu. A gida ana yi masa kallon fitinanne wanda ke buƙatar horo, alhali a lokuta da dama majinyaci ne da ransa ke cikin haɗari.

Girman lamarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A ƙididdigar 2019 Afirka ce ta fi kowane yanki: mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9.0 ne. Mazan da ke mutuwa ta wannan hanya sun ninka mata fiye da sau biyu. Bayan kowace mutuwa ɗaya kuma akwai yunƙuri wajen 20 da ba su kai ga mutuwa ba.

A Najeriya, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun yi hira da manya fiye da 6,000 a farkon shekarun 2000. Kashi 3.2 cikin 100 sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 0.7 sun ce sun taɓa gwadawa. Waɗannan su ne suka yarda suka faɗa wa baƙo. A ƙasar Hausa irin wannan mutuwa abin kunya ce ga dangi, ana tsoron abin da za a ce wajen jana'iza da kuma ranar neman auren 'ya'yan gidan, don haka sau da yawa akan ce gajeriyar rashin lafiya ce, a rufe zancen.

Game da masu shaye-shaye kuwa, a 2004 Holly Wilcox da abokan aikinta a Amurka suka tattara sakamakon bincike masu yawa da aka bi mutane shekara da shekaru. Suka ga wanda giya ta zame wa cuta haɗarinsa na kashe kai ya ninka na sauran jama'a kusan sau 10. Wanda ya kamu da hiroyin ko danginta, kuma kodin da tiramol 'yan gidan ne, ya ninka fiye da sau 13. Mai haɗa kayan maye iri-iri ya ninka kusan sau 17. A ƙasashen Turawa aka yi yawancin waɗannan bincike, amma adadi na ƙarshe ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai, domin haɗe-haɗe shi ne salon sha a nan: a sha tiramol da safe don ƙarfin aiki, a busa wiwi da yamma, a haɗiyi rochi ko diyazefam da dare don barci ya zo.

Yadda cuta biyu ke ciyar da juna

Ciwon damuwa ba ɓacin rai na kwana biyu ba ne. Likitoci kan gane shi idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci suka rikice, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da amfani. Akwai kuma cutar da ke juya mutum tsakanin zumuɗi mai wuce kima da baƙin ciki mai tsanani, akwai wadda ke sa jin muryoyi da zargin ana bibiyar mutum, akwai firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali da idonsa. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne ga mutanen Borno da Zamfara da sauran wuraren da aka kori jama'a daga garuruwansu.

Mai ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, idan bai sami magani ba, yakan nemi abin da zai rage masa zafi. Ƙwaya kuwa tana ragewa, shi ya sa take kama mutane. Awa kaɗan ne, sannan ta sake shi a ƙasa da inda ta ɗauke shi. A hankali ƙwaƙwalwa ta saba, adadin jiya ya daina isa, kuma ranar da babu, ƙuncin ya ninka na asali. Wani kuma lafiyarsa ƙalau ya fara, don ya jure tuƙin Keke Napep ko aikin gini ko noman rani, sai shan ya jawo masa damuwar da ba shi da ita a da. Wiwi mai ƙarfi na iya tayar da jin muryoyi ga wanda jikinsa ke da saurin kamuwa, musamman idan tun yana yaro ya fara.

Sai asarar da ke biyo baya. Aiki ya tafi, bashi ya taru, mata ta yi yaji, uba ya ce kada ya sake taka masa gida, yaran unguwa su riƙa kiransa ɗan ƙwaya. Duk igiyoyin da ke riƙe mutum da rayuwa su tsinke ɗaya bayan ɗaya, har ya fara gaya wa kansa cewa iyalinsa za su huta in babu shi. Wannan tunani na cewa shi kaya ne a kan mutane yana daga cikin mafi haɗari, kuma kalmomin da ake jifarsa da su cikin fushi, irin su "ka zame mana masifa" ko "da haihuwarka gara ɓarinka", su ne ke tabbatar masa da shi.

Halin mata ya fi ɓoyuwa. Matar aure da ke shan kodin a ɗaka, ko mai jegon da damuwa ta kama bayan haihuwa aka ce iska ce ko shagwaɓa, ba ta da majalisar da za a lura ta daina zuwa. Tsoron saki da tsoron a raba ta da 'ya'yanta sukan sa ta yi shiru har abin ya yi nisa.

Lokutan da haɗari ke tsananta

Haɗarin ba ya tafiya bai ɗaya. Yana da lokutan da yake hauhawa, kuma sanin su shi ne mafi amfanin abin da za a ɗauka daga wannan darasi.

Na farko lokacin maye ne. Tunanin da mutum zai iya turewa yana cikin hayyacinsa, maye kan cire masa birki. Masu bincike a birnin Houston na Amurka sun yi hira da matasa 153 da suka tsira daga yunƙurin da ya kusa kashe su, aka wallafa sakamakon a 2001. Kusan ɗaya cikin huɗu ya ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. Wato guguwa ce mai wucewa. Bincike da aka bi waɗanda suka tsira shekaru masu yawa ya nuna kusan tara cikin goma ba ta hanyar kashe kai suka mutu daga baya ba. Wanda aka fitar daga wannan sa'a, mafi yawan lokaci an fitar da shi ke nan.

Na biyu kwanakin farko na daina sha. Jiki na ciwo, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi baƙi ƙirin. A nan iyaye kan yi kuskure da kyakkyawar niyya, su kulle yaro a ɗaki shi kaɗai don ƙwaya ta fita daga jikinsa. Wanda ya daɗe yana shan giya ko diyazefam da danginsa, yanke masa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa, har da mutuwa. Rage irin waɗannan aikin likita ne.

Na uku shi ne wanda ba a zato, wato ranar dawowa gida daga asibiti ko gidan gyaran hali ko gidan yari. Dangi sun yi ajiyar zuciya, an ce ya warke, kowa ya koma harkarsa. Shi kuwa ya dawo ya tarar da bashin na nan, aikin babu, kallon da ake yi masa bai sauya ba. Wani nazari da masu bincike a Ostareliya suka wallafa a 2017, wanda ya haɗa bincike daga ƙasashe da dama, ya gano cewa a wata uku na farko bayan sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa yawan kashe kai ya ninka matsakaicin duniya kusan sau 100. A jihar Washington ta Amurka an bi fursunoni fiye da 30,000 da aka saki, aka ga a mako biyu na farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma ƙwaya ce kan gaba wajen kashe su. Dalilin a fili yake: jikin da ya yi watanni bai sha ba ya daina jure abin da yake jurewa a da.

Na huɗu shi ne sabon abin kunya ko sabuwar asara: kamu, saki, kora daga makaranta, ko komawa sha bayan an yi rantsuwa a gaban iyaye cewa an bari. Komawa sha ɓangare ne na cutar, kuma yawancin waɗanda suka rabu da ƙwaya sun yi tuntuɓe kafin su tsaya da ƙafarsu. Duk wanda ya taɓa yunƙuri sau ɗaya kuma, shi ne ya fi kowa buƙatar a sa masa ido a irin waɗannan ranaku.

Tambaya kai tsaye

Mutane da yawa sukan furta kafin su aikata, sai dai a kaikaice. "Na gaji da duniya." "Kun kusa hutawa da ni." Wani ya bi mutane yana neman gafara ba tafiya a gabansa, ya rarraba kayan da yake ji da su, ya daina fita sallah da majalisa, ya ƙara yawan sha. Wani kuma bayan makonni cikin ƙunci sai a wayi gari ya natsu ba tare da wani abu ya sauya ba. Irin wannan natsuwa abin tsoro ce, don tana iya nufin ya gama yanke shawara.

Abin yi shi ne a tambaye shi, kuma a kira abin da sunansa. Mutane na tsoron kada tambayar ta saka masa tunanin da babu. Masu bincike a Landan sun duba wannan a 2014, suka tattara binciken da aka yi a kai, ba su sami ko ɗaya da ya nuna tambaya na ƙara tunanin ba. Wasu ma sun nuna tana rage shi. Babban wa zai iya zaunar da ƙanensa a keɓe ya ce, "Ƙanena, kwana biyun nan ban gane maka ba, kuma na ji abin da ka faɗa wa Inna jiya. Faɗa mini gaskiya, tunanin kashe kanka na zo maka?" Idan alkunya ta hana uwa yi wa ɗan farinta irin wannan magana, akwai kawu, akwai goggo, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da wani ba zai iya ba.

In ya ce e, ba lokacin faɗa ba ne, ba kuma lokacin wa'azin wuta ba. Ya san haramun ne, tun yana yaro ya sani, kuma sanin na daga cikin abin da ya riƙe shi har ya kai yau. Imani garkuwa ne na gaske, kuma malamin da ya iya tunatar da mutum faɗin rahamar Allah yana da babban aiki a nan. Amma wanda aka ce wa rashin imani ne ke damunsa, ya koyi darasi ɗaya, kada ya sake faɗa wa kowa. A saurare shi har ya gama. Kada a yi masa alkawarin rufa asiri, a gaya masa cewa za a nemi taimako tare. Kada a bar shi shi kaɗai, ballantana yana cikin maye.

Sai a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi. Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma ƙasar Siri Lanka ta nuna ƙarfinsa. A 1995 tana cikin ƙasashen da suka fi yawan kashe kai a duniya, akasari manoma da magungunan ƙwari na gona. Gwamnati ta bi mafiya guba ta haramta su kashi-kashi. Zuwa 2015 mutuwar ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta an ceci rayuka 93,000, kuma amfanin gona bai ragu ba. A Najeriya ma, a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu magungunan ƙwari na gona a ƙananan kwalabe. A gida, maganin feshi da na ɓera, da ragowar magungunan asibiti, da makami in akwai, a kulle su ko a kai gidan wani ɗan'uwa. Maganin da likita ya rubuta wa majinyacin ma wani babba ya riƙe, yana ba shi na kowace rana.

Magani, da abin da ke tare hanya

Idan mutum ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, asibiti mafi kusa za a nufa nan take, a tafi da kwalbar ko kwalin abin. Ba a tsayawa ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Hukumar NDLEA kuma tana da layin kyauta na masu neman shawara a kan shaye-shaye, 0800 1020 3040.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, shi ya sa ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa su fara magani. Abin da ya kamata mai rakiya ya nace a kai shi ne a duba cututtukan biyu tare. A gaya wa likita komai: me yake sha, tun yaushe, da kuma maganar kashe kai. In aka cire ƙwaya aka bar damuwa, damuwar za ta mayar da shi. Maganin damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko ake ƙara sa ido, musamman ga matasa.

Gidan mari ba ya cikin wannan lissafi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, wata guda bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu, don sun rasa yadda za su yi. Ba a raina wahalar waɗannan iyaye ba. Amma sarƙa da bulala ƙari ne a kan ainihin abin da ke tura mutum ga halaka, wato jin cewa shi ba kowa ba ne.

Doka ma na tare hanya. Sashe na 231 na kundin Final Kod da Arewa ta gada, da sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu, sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Tsoron 'yan sanda ya sa wasu iyalai ke jinkirin zuwa asibiti a sa'ar da minti ke da daraja. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A Janairun 2023 ɗin kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci, kuma likitoci da lauyoyi sun daɗe suna kira a cire hukuncin yunƙuri gaba ɗaya. Ko me doka ta ce, rai ake fara ceta.

Abin da ya rage bayan asibiti na hannun dangi da maƙwabta, kuma shi ne mafi araha. Wani likita a birnin San Francisco, Jerome Motto, ya ɗauki majinyata 843 da aka sallama suka ƙi ci gaba da magani. Rabinsu ya riƙa aika musu gajerun wasiƙu a kai a kai har shekara biyar, ba nasiha a ciki, gaisuwa ce kawai da nuna cewa ana tunawa da su. A shekara biyu na farko waɗanda ke samun wasiƙa sun fi sauran tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancin haka a Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, ta wallafa a 2008: an yi wa masu yunƙuri bayani na sa'a guda, sannan aka riƙa kiransu ko ziyartarsu har wata 18. Cikinsu kashi 0.2 cikin 100 ne suka kashe kansu, alhali a rukunin da ba a yi wa haka ba kashi 2.2 ne.

Bahaushe ba sai an koya masa dubiya ba. Mai karaya da mai jego da wanda ya dawo daga tiyata duk ana cika musu ɗaki. Wanda ya dawo daga Dawanau ko Barnawa shi ne ba a zuwa wa, don ana jin nauyin abin da za a ce masa, ko ana ganin shi ya jawo wa kansa. Hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dangi za su iya raba kwanakin wata ukun farko a tsakaninsu: wane zai leƙo ranar Litinin, wance za ta kira ranar Laraba, kawu zai raka shi ganin likita, wani ya nema masa abin yi ko da tsaron shago ne. A kuma zauna da shi ranar da yake cikin natsuwa a rubuta a takarda alamomin da shi kansa ya san suna zuwa kafin guguwar, da abin da ke kwantar masa da hankali, da sunayen mutum uku da zai kira ko da tsakar dare ne.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida-gida bisa unguwanninsu. Kowane rukuni ya binciko asibiti mafi kusa da ke duba masu ciwon damuwa da masu shaye-shaye, ranakun da ake ganin likita, da kuɗin motar zuwa, ya rubuta a allo a darasi mai zuwa. Sannan biyu-biyu a gwada yin tambayar nan da baki, ɗaya a matsayin wa ko goggo, ɗaya a matsayin mai damuwa, a yi musanya. Wanda darasin ya taɓo masa wani abu na kansa ko na gidansu, ya tsaya ya ga malami bayan an tashi.